Kafintan Maraɗi da allunan sulu na Surulere

Mu a Maraɗi ba mu saba zubar da katako ba. Yawancin falankin da kafinta ke aiki da shi daga kudu yake zuwa, ya sha doguwar hanya da kuɗin mota, shi ya sa ko guntun da bai kai tafin hannu ba sai an samar masa aiki. Da wannan idon na shigo Legas a 2022, bayan an buɗe iyakar da Najeriya ta rufe tun Agustan 2019. Na biyo ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina da Kano, na sauka a Agege wurin ƙanen mahaifiyata mai sana'ar tireda.

Agege ba ta ba ni wuya ba. Hausawa sun daɗe a nan har da sarkinsu, ga masallaci a bakin layi, ga mai tuwo. Wurin aiki ne na gane cewa na bar gida. Kawu ya haɗa ni da wani Bayarabe mai shagon kafinta a Mushin, kusa da kasuwar katako ta Amu. Ni da santimita na koyi awo, su kuwa inci da ƙafa suka sani. Sai kuma damshi. A gida zafi da hunturu ne ke tsaga katako, a nan ƙofar da ka gyara lafiya lau, da damina ta kama sai ta kumbura ta ƙi rufuwa, gam ma ya ƙi bushewa da wuri.

Wani aikin kabad ne ya kai ni Surulere. Da yamma na ratsa ta babban filin wasa na ƙasa zan nemi danfo, wato motar haya, sai na ga samari, har da 'yan mata, suna sulu a kan wani allo mai taya huɗu, suna tsalle da shi kamar an liƙa musu a ƙafa. Ɗaya ya diro, allonsa ya tsage ta baya. Ya kwance tayoyin, ya jingine katakon jikin kwandon shara. Na ɗauka na duba bakin tsagar, sai na kasa ajiyewa.

Ba falanki ɗaya ba ne. Siraran yanka bakwai ne aka haɗa da gam aka matse, biyu a cikinsu an gicciya su don ƙarfi, wasu kuma an rina su ja ko kore tun kafin a haɗa. Itacen mapul ne, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Faɗinsa wajen inci 8, tsawonsa wajen inci 32, gaba da baya sun ɗan tashi sama. Ban taɓa riƙe katako mai tauri da rashin nauyi haka ba.

Yaron ya ce da ni da Turancin buroka, "Aboki, ai ya mutu." Na nuna masa da hannu cewa ina so, ya yi dariya ya ce in tafi da shi. Da na iso gida Kawu ya ce, "Ɗan nan, shara ka fara kwaso mana?" Na ce, "Kawu, ka ba ni zuwa Juma'a."

Abin da ya fi cin rai shi ne baƙar fatar nan mai kaushi da ke liƙe a saman allon don kada takalmi ya zame. In ka ja ta a sanyi, gutsuttsurewa take yi. Sai na shanya allon a rana ya yi zafi, in sa bakin wuƙa a gefe ɗaya in riƙa ja a hankali, sauran gam ɗin kuma in goge da kananzir. Daga nan sai sanfefa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi. Na yanke wurin tsagar da zarto, na goge bakin, sai ga layukan kala sun fito reras. Ramuka takwas ɗin da ake ɗaure tayoyi ma sun yi mini amfani, don ta nan na ɗaura ƙarfen da ke riƙe shi a bango. Kanta ta fito. Kawu ya ɗora rediyonsa da kwalbar turare, bai sake cewa komai ba, sai dai duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

Yanzu ina yin maratayin hula da riga, firam ɗin madubi, da kujera 'yar tsugunno, wadda lanƙwasar allon ke sa ta daɗin zama. Masu saye iri biyu ne. 'Yan sulun suna son a bar zanen ƙasan allon yadda yake, har da duk ƙarzar da ya sha, don kowace suna tuna inda aka yi ta. Matan Agege masu haɗa ɗakin amarya kuwa ba sa son hoton ƙoƙon kai ko dodo a bangonsu, sai in kankare tas in shafa folish. Abu ɗaya na ƙi: wani Alhaji ya ce in yi masa abin ɗora Alƙur'ani. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, abin da aka taka da takalmi ne." Na yi masa da sabon katako.

Allunan ba su da yawa. Daga waje ake kawo su, kuma da tsadar dalar Amurka yaro ba ya rabuwa da nasa sai ya ga ba yadda zai yi. Shi ya sa nake ba su ɗan wani abu, ko in yi wa mai allo biyu kanta ɗaya kyauta in riƙe ɗayan. Roƙona a wurinsu kullum kada su bar karyayye a ruwa, don da ya jiƙa yankan ke rabuwa, ba ya gyaruwa. Guntayen da suka rage ina tara su a buhu. In sun isa zan jera su gefe da gefe in matse, in fitar da saman tebur, kuma wata mai ɗinki a layinmu ta riga ta ba da kafin alƙalami.