Farojet ɗin Kafanchan da ya kai ni ramin kwal na Inugu

Lokacin da muke ajin ƙarshe a sashen tarihi ni dai na zaɓi tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ne saboda lalaci, gaskiya kenan, gida ne, na san lungunan kwatas ɗin reluwe, na ce sati uku na gama babi na ɗaya. Na rubuta shafi goma sha biyu a kan gyaɗa da auduga da fatu, wai su suka sa Turawa suka shimfiɗa dogon. Malamin da ke duba aikina ya karanta shiru, sai ya ɗago ya ce "To ɗalibi, jirgin da ke jan gyaɗar taka, me yake ci?" Na ce kwal mana Malam. Ya ce daga ina? Nan na yi tsuru-tsuru. Ya miƙo min takarduna ya ce in je in dawo.

Abun da na fara koya kenan, kuma da ciwo na koye shi. Dogon da ya bi ta garinmu ba daga arewa labarinsa ya faro ba. A 1909 ne masu binciken ma'adinai na Turawan mulkin mallaka suka ga kwal a tsaunukan Udi da ke yankin Inugu, kafin nan kwal ɗin da jiragen ƙasa ke ƙonawa daga Ingila ake lodo shi a jirgin ruwa. To an samu kwal a tudu, ya za a kai shi bakin teku? Sai aka kafa sabon gari a bakin ruwa, wato Fatakwal ta yau, aka sa masa sunan Lewis Harcourt sakataren ƙasashen mulkin mallaka na lokacin, aka ja dogo mil 151 daga can zuwa gindin tsaunin, ya iso a 1916. Ramin Udi an fara haƙa a 1915, na Iva Valley a 1917, Inugu kanta daga sansanin leburori ta tashi, har yau akwai unguwar da ake kira Coal Camp. Daga baya ne dogon ya miƙo arewa ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da Kaduna, reshe kuma ya hau Jos wajen masu kuza a 1927. Gadar Binuwai ma sai 1932 aka buɗe ta, kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragwai.

A nan na tafka wani abun kunya da har yanzu abokaina ke tsokanata da shi. Na rubuta da ƙarfin hali cewa sunan Fatakwal daga kwal ya samo asali, wato wajen fitar da kwal, har ina jin na gano wani abu. Malam ya zagaye wajen da jan biro ya rubuta "wa ya faɗa maka?" Babu wanda ya faɗa min, kunnena ne kawai ya ji daɗin abun. Port Harcourt ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa shikenan. Tun ranar in abu ya yi min daɗin faɗa da yawa sai in fara zarginsa.

Amma inda aikin ya canza min gaba ɗaya wajen wani tsoho ne a kwatas, wanda ya yi aikin zuba wa kan jirgi wuta tun yana saurayi. Na je da tambayoyi a rubuce, shekara kaza me ya faru, bai amsa ko ɗaya ba. Hannunsa ya nuna min, tabon ƙuna ne daga wuyan hannu har gwiwa, ya ce "ɗana ai shebur shi ne biro na." Ya ce kwal ɗin Inugu akwai toka, in ka yi sakaci ka bar ta ta taru wutar sai ta shaƙe, ga hawan Jos a gaba, direba na zaginka kai kuma gumi na shiga ido. Ya ce su dai suna ganin taragwai cike baƙi ƙirin suna zuwa daga kudu, bai taɓa tunanin mutanen da ke rarrafe cikin ƙasa suna sara shi ba sai da labarin harbin ya bazu.

Harbin da yake nufi na 18 ga Nuwamba 1949 ne a Iva Valley. Masu haƙa suna bin kuɗin da suka ce an riƙe musu, suka shiga jan ƙafa a wajen aiki, hukuma ta fara korarsu, su kuma suka zauna a ramin suka ƙi tafiya. Aka turo 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse don gudun kar su faɗa hannun masu neman 'yanci, Baturen da ke jagorantarsu ya ba da umarnin buɗe wuta, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. A rahotannin shekara-shekara da na karanta tan-tan ake ƙirgawa, tan nawa aka haƙo, nawa reluwe ta saya, mutane kuwa sai sun yi tawaye ko sun mutu sannan suke shigowa takarda. Na daɗe kafin in lura ni ma haka nake rubutu, babi na biyu duk lissafin kaya ne.

Wani abun da ban zata ba, Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato ɗan kasuwar shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Wannan na sa shi a ƙasan shafi ne kawai, yanzu ina ganin ya fi ƙarfin nan.

Ƙarshen labarin kuma ni na ɗauka yaƙin basasa ne ya kashe ramukan. Ya taimaka sosai, tsakanin 1967 da 1970 an bar su ruwa ya cika wasu. Amma ciwon ya riga yaƙin. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kusan tan dubu 900 a shekara, babban mai saye kuwa ita ce reluwe, sai ga ta ta fara sayo kawunan jirgi masu shan dizal, an kuma samu man fetur a Oloibiri ta yankin Neja Delta a 1956. Dogon da aka gina don kwal shi ya fara juya wa kwal baya. Da na faɗa wa tsohon haka dariya ya yi, ya ce ranar da ya fara hawa na dizal farar riga ya sa ya koma gida da ita fara, matarsa ta ɗauka ma bai je aiki ba.

Farojet ɗin dai wata bakwai ya ci, ba sati uku ba, kuma Kafanchan ɗin da na zaɓa sai a babi na uku ta fito.