Abin da aikin jinya ya koya mini game da bangaskiya

A makarantar koyon jinya an koya mana cewa mara lafiyar da ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya ci masa baya. Sai da na fara aikin dare na gane cewa a nan ake auna bangaskiyata. Ƙarfe 3 na dare babu likita a ɗakin, ɗan uwan da ke jinyarsa ma barci ya sace shi a kan tabarma. Ko ka juya tsohon, ko ka rubuta a takarda cewa ka juya alhali ba ka taɓa shi ba, in ba Allah ba babu mai gani.

Na tashi ina jin Yohanna sura 13 a coci, yadda Yesu ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Aikin bayi ne a wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu shi ne Yahuza ma, almajirin da ya ci amanarsa daga baya, yana wurin, kuma Yesu ya san abin da zai yi. A wurin aikinmu akwai mara lafiya mai zagi, akwai wanda ba zai taɓa cewa an gode ba. Shi ma za ka zubar masa da fo, ka canja masa zanen gado, ka ce masa sannu Baba, ba tare da ka toshe hanci a gabansa ba. Toshe hancin nan kuwa yana yi wa mutum ciwo ƙwarai, domin tun kafin ka iso kunya ta riga ta ishe shi.

Asibitocin mishan irin na Vom a jihar Filato, da aka buɗe a 1922, da na Galmi a Nijar, tun 1950, na tabbata irin waɗannan ƙananan hidimomi ne suka sa mutane ke niƙo gari daga nesa su je, domin allura ko'ina ana samu.

Yawancin waɗanda nake dubawa Musulmi ne. Idan dattijuwa ta nemi buta za ta yi alwala, ina kawo mata, in riƙe mata robar ƙarin ruwa, in nuna mata alƙibla. Wasu 'yan'uwa masu bi suna ganin kamata ya yi in ribaci lokacin in yi wa'azi. Ban yarda ba. Mutumin da ke kwance, magani da allurarsa suna hannuna, ba shi da halin ce mini a'a, saboda haka matsa masa zalunci ne. In ya tambaye ni abin da na gaskata, ina gaya masa ba ɓoye-ɓoye. In ya ce in sa shi a addu'a, ina yi da dukan zuciyata. Wanda bai tambaya ba kuma, jinyarsa ba ta raguwa ko kaɗan.