Yadda Na Koyar da Tarihin Admiral Marc Mitscher, da Shafin da Na So In Tsallake

Lokacin da aka ɗora mini nauyin shirya darasin tarihi ga wasu matasa masu shirin shiga aikin soja, na yanke shawarar ba su rayuwar mutum guda maimakon in jera musu yaƙe-yaƙe da shekarunsu, domin na daɗe da lura cewa ɗalibi ya fi riƙe labarin mutum a kan jerin ranaku. Wanda na zaɓa shi ne Marc Mitscher, matuƙin jirgin sama na rundunar sojan ruwan Amurka, wanda ya jagoranci babban ayarin jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi a tekun Fasifik a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya rasu yana riƙe da muƙamin cikakken admiral. Ba zan ɓoye ba, labari ɗaya ne ya ja ni gare shi, wato na daren da ya ba da umarnin a kunna fitilu, kuma da niyyar yi masa kirari na zauna rubutu.

Farkon rayuwarsa ya zo mini daidai da abin da nake nema. An haife shi a jihar Wisconsin a 1887, ya tashi a Oklahoma, ya shiga kwalejin sojan ruwa ta Annapolis a 1904, amma bayan shekara biyu aka sallame shi saboda raunin karatu da yawan laifuffuka. Mahaifinsa ya nema masa gurbi a karo na biyu, ya sake farawa daga ajin farko, ya kammala a 1910 yana na 113 cikin ɗalibai 131. Na yi farin ciki da wannan lissafi fiye da kima, saboda na ga hanyar lallashin ɗaliban da ke zaune a bayan aji. Daga baya na rage nauyin da na ɗora masa, domin abin da ya ɗaga Mitscher shi ne shigarsa fannin da manyan hafsoshi ke yi wa kallon wasan yara tun kafin kowa ya san darajarsa. Ya koyi tuƙi a Pensacola, kuma a 1916 ya zama mutum na 33 da rundunar ta ba shaidar matuƙin jirgin sama. A watan Mayu na 1919 yana cikin matuƙan NC-1, ɗaya daga cikin jirage uku masu sauka a kan ruwa da suka yi yunƙurin tsallake tekun Atilantika. Hazo ya rufe su kusa da tsibiran Azores, suka sauka a teku, igiyar ruwa ta hana su sake tashi, sai wani jirgin ruwan Girka ne ya tsamo su. NC-4 kaɗai ya kai Lisbon.

Matsalar farko da na ci karo da ita ta bayani ce. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba, ni ma kuma a hoto kawai na san irin waɗannan jiragen ruwa, don haka duk abin da na rubuta game da sauka a kansu ya fito salam, babu ɗanɗano. Allah ya sa na sami tafiya zuwa Teksas wajen wani ɗan'uwana, sai na roƙe shi ya kai ni Corpus Christi, inda aka ajiye jirgin Lexington a matsayin gidan tarihi. A cikin wannan jirgin dako ne Mitscher ya kafa tutarsa a 1944, wato daga cikinsa yake jagorantar ayarin. An sake fasalin filin saukarsa a shekarun 1950, saboda haka ba ainihin shimfiɗar da matuƙan wancan zamani suka sani na taka ba, amma tsawon bai canza sosai ba, bai kai mita 300 ba. Na taka shi da ƙafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin 'yan mintuna, iskar teku tana kaɗa mini riga, sannan na tsaya a ƙarƙashin wutsiyar wani tsohon jirgi ina kallon ƙugiyar ƙarfen da ake saukewa domin ta kama igiyar da aka gicciya a filin. Ƙugiyar ba ta fi tafin hannuna biyu girma ba. Idan ta kama, jirgi ya tsaya cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ta kuskure, a wancan zamani, sai ya afka wa shingen waya ko jiragen da aka jera a gaba. A nan na fahimci cewa da ba na bayanin abin da na gane, kwafa kawai nake yi.

Da wannan na iya rubuta daren 20 ga Yuni 1944 yadda ya kamata. Kwana ɗaya kafin nan, a yaƙin tekun Filifin, matuƙan Mitscher da bindigogin jiragen ruwansa sun kakkaɓo jiragen saman Japan fiye da 300, amma sai da la'asar ta yi a rana ta biyu aka gano inda ayarin Japan yake, can nesa a iyakar abin da man jiragensa zai iya kaiwa ya dawo. Ya san cewa duk wanda ya tura zai dawo cikin duhu da tanki kusan fayau, kuma da yawansu ba su saba sauka da dare ba, amma ya tura jirage fiye da 200. Suka nutsar da jirgin dako mai suna Hiyo, suka juyo. Dokar teku a lokacin yaƙi ita ce duhu ƙirin, domin ko hasken taba sigari na iya nuna wa jirgin ƙarƙashin teku inda ayari yake. Mitscher ya ba da umarnin a kunna fitilu, aka haska manyan fitilun bincike zuwa sama, ƙananan jiragen ruwan yaƙi suka riƙa harba harsasai masu haske. Duk da haka jirage kusan 80 sun faɗa ruwa ko sun tarwatse wajen sauka, sai dai an tsamo akasarin mutanen da ke cikinsu a wannan dare da kwanakin da suka biyo.

Na kai rubutun ga wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin sojan ruwa, ina jiran yabo. Ya karanta a tsanake, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, ina Midway?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na ambata." Lallai na ambata, a layi ɗaya, cewa Mitscher ne kyaftin ɗin jirgin Hornet lokacin da jiragen bama-bamai 16 a ƙarƙashin jagorancin Jimmy Doolittle suka tashi daga kansa suka kai wa Tokiyo hari a ranar 18 ga Afrilu 1942, kuma ya halarci yaƙin Midway, gumurzun da aka yi da Japan a tsakiyar tekun Fasifik. Dattijon ya ce in koma in duba abin da jiragen Hornet suka yi a safiyar wannan yaƙi, sannan in duba abin da kyaftin ɗinsu ya rubuta cewa sun yi.

Mako biyu na yi a kan wannan tambaya, kuma ban ji daɗin abin da na samu ba. A safiyar 4 ga Yuni 1942, jiragen saman da suka tashi daga jiragen dako na Amurka, Enterprise da Yorktown, sun sami ayarin Japan suka ƙona masa manyan jiragen dako uku, amma akasarin jiragen Hornet, a ƙarƙashin Stanhope Ring, sun yi ta tafiya a kan teku ba su ga kowa ba. John Waldron, shugaban rukunin jirage masu harba bama-baman ƙarƙashin ruwa, ya saɓa wa Ring ya balle da mutanensa, ya sami abokan gaba shi kaɗai ba tare da rakiya ba. An harbo jiragensa 15 gaba ɗaya, kuma cikin mutum 30 George Gay ne kaɗai ya tsira. Jiragen rakiya goma na Hornet kuma mai ya ƙare musu suka faɗa teku. Kuskure a yaƙi ba sabon abu ba ne, kuma da a nan maganar ta tsaya da ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rahoton. Mitscher ya rubuta cewa jiragensa sun nufi kudu maso yamma, inda ake tsammanin abokan gaba, alhali shaidar matuƙa da dama da binciken masana na baya sun nuna cewa kusan yamma sak suka bi. Admiral Raymond Spruance, wanda ke sama da shi a ranar, ya rubuta wa na gaba cewa duk inda rahoton Hornet ya saɓa da na Enterprise, a ɗauki na Enterprise a matsayin mafi inganci. A tsarin soja wannan magana ce mai nauyi ƙwarai, ko da an faɗe ta cikin ladabi.

A nan na gane laifina na mai bincike. Na ɗauki rahoton hukuma tamkar abin da ba ya karɓar tambaya, na manta cewa wanda ya sa hannu a kansa yana da mutuncin da yake karewa, nasa ko na mutanensa. Tun daga lokacin, duk wani babban al'amari da zan koyar sai na nemi abin da na ƙasa suka faɗa, na ajiye shi kusa da abin da na sama ya rubuta. Na kuma yi gardama da kaina a kan ko in cire Mitscher in ɗauko wani, amma na ga cewa hakan ma wata hanyar gudu ce.

Sauran tarihin ya fi ma'ana da na dawo da Midway cikinsa. Bayan yaƙin an mayar da shi aikin jiragen sintiri a tudu, abin da mutane da yawa suka ɗauka a matsayin ajiyewa gefe. A Afrilu 1943 aka tura shi Guadalcanal ya jagoranci jiragen saman ƙawance a tsibiran Solomon, kuma a ƙarƙashinsa ne aka harbo jirgin Admiral Yamamoto, babban kwamandan jiragen ruwan yaƙin Japan, a ranar 18 ga wannan wata. A farkon 1944 aka damƙa masa ayarin jiragen dako da ake kira runduna ta 58. Aka haɗa shi da Arleigh Burke a matsayin shugaban ma'aikata, mutumin da ba matuƙin jirgin sama ba ne, kuma da farko Mitscher bai yi maraba da shi ba, amma daga baya suka shaƙu ƙwarai. A ranar 7 ga Afrilu 1945 jiragensa suka nutsar da Yamato, katafaren jirgin ruwan yaƙin Japan. A ranar 11 ga Mayu jiragen ƙunar baƙin wake biyu suka afka wa jirgin dako Bunker Hill, Mitscher yana cikinsa, mutum kusan 400 suka mutu. Ya koma Enterprise, bayan kwana uku wannan jirgin ma aka buge shi, ya sake komawa wani jirgin dako, Randolph. A 1946 ya zama cikakken admiral, aka ba shi rundunar Atilantika, ya rasu a Norfolk da ciwon zuciya ranar 3 ga Fabrairu 1947 yana da shekara 60.

A ranar darasi na sauya tsarin da na fara da shi. Na ba su Midway da farko, da alƙaluman da suka saɓa da juna da maganar Spruance, na bar su suka yi ta muhawara a kan ko ya cancanci a sake ba irin wannan mutum jagoranci, kuma mafi yawansu suka ce a'a. Sai a rabin lokaci na biyu na kawo daren fitilu. Wani yaro da ke zaune a baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya tambaya ko matuƙan da mai ya ƙare musu a Midway ne Mitscher ya tuna lokacin da ya ce a kunna. Na ce masa Mitscher mutum ne mai ƙarancin magana, abin da ke zuciyarsa a wannan dare ya tafi da shi, amma tsakanin ranakun biyu shekara biyu ce da kwana 16. Yaron ya rubuta lissafin a bangon littafinsa, aka buga ƙararrawa.