Nemo wa tsofaffin ƙananan taraktoci kayan da za su zauna

Shagona a Kano yake, kuma aikinmu biyu ne: muna sayar da kayan gyaran ƙananan taraktoci, muna kuma gyara su. Ba manyan Massey Ferguson nake nufi ba, waɗannan suna da masu su. Namu su ne masu ƙafa biyu da ake bi a baya ana riƙe da hannu, irin waɗanda manoman shinkafa na Kura da Kadawa da Bunkure ke kaftu da su, sai ƙananan masu ƙafa huɗu na Japan da ake shigowa da su na hannu, sai kuma na yankan ciyawa da ake hawa, waɗanda otal-otal da makarantu ke ajiyewa. Akasarinsu sun tsufa. Wanda ya shigo da su ya daina, littafin da suka zo da shi ya ɓace, fentin ma an sake shi ba sau ɗaya ba.

Manomi zai shigo ya ce, "Maigida, ba ni fistin na jan inji." Ni kuwa sai in ce, "Alhaji, ina tsohon?" In bai zo da shi ba, in roƙe shi ya kira gida a ɗauko mana hoton lambar da ke jikin injin. Wasu suna jin haushi, suna ganin jan rai ne. Amma launi da sunan da aka liƙa a tanki ba sa gaya mini komai. Lamba da awo su ne ke magana.

Ɗauki injin gas na China mai silinda ɗaya a kwance, wanda ya fi yawa a hannun manomanmu. In ka ga an rubuta S195, ɗayan farko yana nufin silinda ɗaya ce, 95 ɗin kuma faɗin silindar ne, milimita 95. Haka 1100 milimita 100 ne, 1115 milimita 115. Ƙananansu R175 da R180 su ma haka lissafin yake. Kamfanoni da yawa suna ƙera su a kan zubi ɗaya, irin su Jiangdong, da Changchai da Changfa na birnin Changzhou, shi ya sa kayan wannan kan shiga wancan, kuma shi ya sa injin ya karɓu a karkara, tun daga injin niƙa har na casar shinkafa. Inda ake faɗawa rami shi ne harafin Z. S195 da ZS195 faɗinsu ɗaya, amma mai Z yana fesa mai kai tsaye a kan fistin, don haka kan fistinsa yana da rami mai zurfi, nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa man, kuma ƙofofi ne da yawa ƙanana. Marar Z yana da ɗan ɗakin ƙonewa a cikin kan injin, fistinsa kusan a shafe yake, nozul ɗinsa ƙofa ɗaya. Fistin wannan zai shiga silindar wancan lafiya lau, a ɗaure komai tsaf, sannan a wuni ana wana hannu inji ya ƙi tashi, ko ya tashi yana baƙin hayaƙi ba ƙarfi. An sha kawo mana irin wannan bayan an riga an canza falanja (ƙarfen cikin famfo da ke tura mai) da nozul da bawul a banza.

Na fetur kuwa, kusan duka 'ya'yan Honda GX160 da GX200 ne. Faɗin silindarsu milimita 68, shi ya sa kwaikwayonsu na China ake rubuta masa 168F. Kafireto, fulogi, kwayil, igiyar tayarwa, akasari suna shiga juna. Amma ringi akwai mai kauri akwai siriri, sai an duba ramin fistin. Kuma 170F ya ɗara da milimita biyu, ido ba zai gane ba. Babban abin da nake jan kunnen mutane a kai shi ne bakin karanshaf. Mutum zai ga injin janareta a araha ya saya don ya ɗora wa taraktarsa, bai san bakin na janareta a tsuke yake kamar fensir ba, ba shi da gurbin makulli, fuli, wato abin da bel ke hawa, ba zai zauna ba. Ko a cikin masu miƙaƙƙen baki ma, akwai milimita 20, akwai kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya. Wannan ɗan bambancin ya isa fuli ya riƙa rawa har ya cinye gurbin makullin.

Abin da ke faranta mini rai a sana'ar nan shi ne boris da sil (robar da ke hana mai zuba) da bel, domin su ba ruwansu da ƙasar da aka ƙera injin. Boris mai lamba 6205, ko a ina aka yi shi, cikinsa milimita 25 ne, bayansa 52, kaurinsa 15. Lambobi biyu na ƙarshe, in sun kai 04 zuwa sama, ka ninka su sau biyar, ka sami faɗin cikin: 6204 ashirin, 6206 talatin. In an ƙara 2RS, yana da murfin roba gefe biyu, shi nake ba mai aikin fadama. Sil ma awonsa a rubuce yake a jikinsa, ciki da baya da kauri. Bel kuwa, A faɗinsa milimita 13, B 17, lambar da ke biye tsawonsa ce. Da wannan kaɗai mun tayar da taraktocin Kubota da Yanmar da Iseki waɗanda duk rubutun jikinsu Japananci ne, babu dilan da ya san lambarsu a nan, domin tun asali don kasuwar cikin gidan Japan aka yi su. Abu ɗaya: in tarakta tana jan bel biyu ko uku, a canza su gaba ɗaya. In ka sa sabo ɗaya cikin tsofaffi, shi kaɗai zai ɗauki nauyin, kafin sati ya tsinke.

Na Japan ɗin nan ƙarfe ne na gaske, ba na musu. Amma ranar da kan injin ya tsage ko haƙorin giya ya karye, sai dai a jira a sami wata matacciya a ciro. Shi ya sa in manomi ya nemi shawarata kafin ya saya, nakan ce ya sayi wadda kayanta ke Kofar Ruwa da Sabon Gari, ko da ba ta kai waccan inganci ba. Tarakta mai ƙafa biyu in injinta ya mutu murus, mukan ɗora mata na China: a buɗe ramukan zama, a daidaita fuli da fuli da zare don bel ya miƙe, a kuma lissafa gudu. Injin gas irin S195 yana juyi wajen dubu biyu a minti, na fetur dubu uku da ɗari shida, saboda haka girman fuli dole ya canza, in ba haka ba wuƙaƙen kaftu su riƙa gudu kamar za su tashi sama, ko su riƙa jan ƙafa.

Na yankan ciyawa na Amurka, irin su John Deere da Cub Cadet masu injin Kohler ko Briggs & Stratton, ba su da yawa a wurinmu, amma suna da nasu hali. Da yawan notinsu na inci ne. Yaro zai sa sifana 13 a kan noti mai rabin inci, ya ga kamar ta kama, sai ya murje kan. Da yawansu kuma karanshaf ɗinsu ƙasa yake kallo, injin kwance ba zai maye gurbinsa ba. Briggs yana buga jerin lambobi uku a jikin injin, kuma na ƙarshe yana farawa da shekara da wata da ranar da aka ƙera shi. Da waɗannan nake yin oda, ba da sunan taraktar ba.

Gaskiyar magana, yawancin abin da muke sayarwa da ba a buƙace shi ba da an kula da abu uku: iska, mai, da ruwa. Matatar iska ta injin gas ɗan kwano ne da ake zuba baƙin mai, da ragar waya a sama. Lokacin hunturu, in ka kwance kwanon bayan 'yan kwanaki, za ka tarar da man ya zama taɓo. Wanke shi bai kai minti goma ba, amma ƙurar da ta wuce ita ke cinye ringi da silinda. Man gas na jarka kuwa a bar shi ya kwanta kafin a zuba, kada a juye har gindi, domin ruwa da tsaki can suke taruwa, kuma falanja da gidanta tare aka goge su, ɗan yashi kaɗan ya gama da su, ba a kuma haɗa ta wannan da gidan wancan. A kan murfin bawul akwai wani ɗan jan abu cikin gilashi da ke tasowa in baƙin mai yana zagayawa. In inji ya tashi bai taso ba, a kashe nan take. Tukunyar ruwan da ke saman injin an yi ta ne don ta tafasa, ba laifi ba ne, a dai riƙa ƙarawa. Laifin shi ne a bari ta ƙafe, sannan a kwara ruwan sanyi daga kwalbati. Nan kan injin ke tsagewa.

Masu aikin shinkafa suna da ƙarin aiki. Tarakta tana wuni cikin ruwa, in sil na ƙafa ko na akwatin sarƙa ya gaji, ruwa ya shiga, man giya ya koma fari-fari. Wanda ya duba ya gani da wuri, sil da man giya kawai zai saya. Wanda bai duba ba, boris da sarƙa da haƙora. Wuƙaƙen kaftu ma akwai na dama akwai na hagu, in aka ɗaura su ba bisa tsari ba, ƙasa ta taru gefe ɗaya.

Kaya kala biyu nake ajiyewa, mai kyau da mai sauƙin kuɗi, kuma ina gaya wa mutum wanne ne wanne. A bel ko igiya, mai sauƙin zai iya kai shi girbi. A falanja da nozul da boris na karanshaf kuwa, araha ba ta ado, ba na ma ajiye na banza. Da yawa bashi suke ɗauka sai sun sayar da shinkafa, shi ya sa jarin ke tafiya a hankali. Odar kayan damina nakan tura ta tun kafin Janairu, domin masana'antun China suna rufewa don bikin sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, kuma kayan da aka makara da su sai su iso Legas an riga an gama dashe.