Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shigarmu Kwayar Coci

A makon jiya na tsaya a inda aka tura mu, ni da wata 'yar'uwata sista, zuwa wata ikilisiya a yankin Zonkwa, cikin dayosis ɗin Kafanchan. Aikinmu koyarwa ne a firamare da shirya yara a ajin katikisim. Waƙa ba ta cikin abin da aka aiko mu yi. Mu da kanmu muka roƙi shugabar gidanmu izinin shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ta amince bisa sharaɗi ɗaya: kada koyon waƙa ya taɓa addu'armu ta yamma.

Shugaban kwayar wani tela ne, saurayi, na girme shi nesa ba kusa ba. Da ya gan mu sai ya sa aka kawo kujeru biyu gaba, ya ce, "Sista, ku zauna nan, ku riƙa gyara mana." Na ce masa, "Malam, koyo muka zo yi. Ka saka mu inda muryarmu ta dace." Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya tura ni layi na uku, kusa da wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata mai buga tulu.

Wannan Mama ita ce malamata ta gaskiya. Ba ta karanta alamomin kiɗa, amma idan tafin hannunta ya sauka a bakin tulu, har mai ganga ita yake bi. Ta ga zamanin da ake Mas, wato babbar ibadarmu ta Katolika, da harshen Latin, kafin Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika, wadda aka kammala a 1965, ta buɗe ƙofa ga harsunan mutane. A cocinmu akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Ibo 'yan kasuwa, Hausa ce ke haɗa bakinmu. Idan na ja "Ubangiji ka yi mana jinƙai" da sauri, sai ta taɓa gwiwata ta ce, "'Yata, roƙo ake yi, a hankali." Har yau ina ganin mai saurin waƙar nan bai tsaya ya ji abin da bakinsa ke faɗa ba.

Mun shiga ne dab da lokacin Azumi, wato azuminmu na Kirista kafin Ista. Daga Larabar Toka ake ajiye Halleluya, ba a sake rera ta sai daren Ista, kuma a ranakun Lahadin Azumi ba a rera waƙar Ɗaukaka. Kiɗa ya ragu ƙwarai, muryoyi suka fito fili, duk wanda ya kauce sai an ji shi. A makonnin nan na san mutanen ikilisiyar fiye da yadda aji ya sanar da ni su: wa ya zo da yunwa, wa ke jinyar miji, wace yarinya aka hana komawa makaranta.

Ana saura mako biyu Ista, Malam ya raba zaburar da ake rerawa bayan karatu bakwai na Tsohon Alkawari a daren Ista. Ya miƙo mini ta uku, waƙar Musa bayan ƙetare Bahar Maliya, ya ce ni kaɗai zan ja ta. Yadda muka kwashe da shi a kan haka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.