Tuƙin a-kori-kura da na jif a wurin aikinmu

Sana'ata haɗa wutar sola ce da famfon ruwan da ke aiki da ita. Mu bakwai ne a kamfanin har da ni, motocin aiki kuwa biyu: a-kori-kura mai ƙofa huɗu da jif mai kujera bakwai. Kamfani ɗaya ya ƙera su, injin dizal ɗinsu iri ɗaya, giyarsu iri ɗaya. In ka zauna a kujerar direba ka dubi gabanka sai ka rantse mota ɗaya ce. Abokan sana'a masu shirin sayen motar aiki ta farko sukan tambaye ni wadda ta fi daɗin tuƙi. A da nakan ce jif, ba tare da wani dogon tunani ba. Yanzu sai na fara tambayar mutum abin da zai riƙa ɗorawa a baya kafin in ba shi amsa.

Irin waɗannan motoci 'yan uwa ɗaya suna da yawa. Toyota tana da a-kori-kurar Hilux da jif ɗin Fortuner, waɗanda suka fito daga shirinta na ƙera motoci iri-iri a kan tushe ɗaya, mai suna IMV, da ta fara a 2004. Ford tana da Ranger da Everest, Isuzu tana da D-Max da MU-X, Mitsubishi kuma L200 da Pajero Sport. A kowane gida an ɗauki shasin a-kori-kura ne, wato dogayen ƙarafan nan biyu masu kama da tsani waɗanda jikin mota ke zama a kansu, aka gajarta shi, aka rufe bayan, aka jera kujeru. Ƙafar gaba kusan ba ta da bambanci. A ƙafar baya ne hanyoyinsu suka rabu.

Na gane haka sosai ranar da bakanikenmu ya sa na shiga ƙarƙashin motocin biyu, ɗaya bayan ɗaya, yana haska mini da tocila. A ƙarƙashin a-kori-kurar akwai sifirin mai falle-falle, fallayen ƙarfe dogaye da aka ɗora wani kan wani aka ɗaure su a kan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Ya nuna mini wani falle mai kauri a can ƙasa wanda bai ma taɓa sauran sosai ba. Ya ce, "Maigida, wannan barci yake yi. Sai an danne motar da kaya yake tashi aiki." A ƙarƙashin jif ɗin kuwa sifirin mai naɗi ne, da sandunan ƙarfe da ke riƙe aksul kada ya yi gaba, ko baya, ko gefe. Sifirin mai falle an yi shi ne don ya ɗauki kusan tan 1 ba tare da ya durƙusa ba, don haka dole ya yi tauri. Mai naɗin an yi shi don nauyin mutane da 'yan jakunkunansu, shi ya sa yake da laushi tun daga farko.

Wannan taurin shi ne abin da direba ke ji a ƙugunsa. Ka fito da a-kori-kura babu komai a bayanta ka hau hanya mai gargada, za ka ji bayan yana tsalle kamar ɗan akuya, ƙofar bodi tana ƙara, mutanen kujerar baya suna riƙe da abin riƙo na sama. Ba lalacewa ta yi ba, nauyin da aka gina ta dominsa ne babu. Jif a wannan hanya tana haɗiye gargadar, sai dai ka ji ta tana ɗan rausaya. Amma a ɗora wa a-kori-kurar batura shida, kowane yana kai kilo 60, a ƙara da naɗin waya da akwatunan kayan aiki, sai ta zama wata mota daban. Bayan ya zauna, tsallen ya mutu, sitiyarin ya natsu. Ranakun da na fi jin daɗin tuƙi a wannan sana'a su ne ranakun da nake cikinta da rabin lodi a kan doguwar hanya. Jif ɗin kuwa in ka cika ta da mutum bakwai da kaya, bayanta yakan sauka, ta fara lilo bayan kowane tudu, a kwana kuma ta kwanta gefe fiye da yadda nake so.

Akwai ranar da ba na mantawa. Mun gama aiki mun sauke komai, muna dawowa da motar wayam, sai aka yi yayyafi, irin wanda ke jiƙa ƙurar kwalta kawai ya mai da ita santsi. Na shiga wata kwana mai faɗi da gudun da na saba shigarta da lodi, na kuma taka totur tun ban gama fita ba. Nan take na ji bayan motar ya fara zamewa waje, gaban yana juyawa yana kallon bakin hanya. Na saki totur, na mai da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, fitilar na'urar hana zamewa tana ta ƙiftawa, sai motar ta dawo kan layinta. Yaron da ke gefena bai ce uffan ba sai da muka yi nisa, sannan ya ce, "Maigida, Allah ya kiyaye." Laifin nawa ne. Injin da gidan direba duk suna gaba, ƙafar baya ce ke tura motar, kuma ranar babu abin da ya danne ta a ƙasa. Jif tana da rufi da gilasai da kujeru a kan ƙafar bayanta kullum, don haka nauyinta ya fi rabuwa daidai, kuma ba ta saurin yin haka. Tun daga ranar duk direban da zai fara riƙe a-kori-kurarmu sai na zaunar da shi na gaya masa cewa in tana wayam kuma ƙasa ta jiƙe, ya rage gudu kafin kwana, kada ya taka totur sai sitiyari ya miƙe.

Wasu sukan bar buhun yashi biyu ko uku a bodi don wannan dalili. Mu akwatin ƙarfen kayan aikinmu ne muka ɗaure dindindin a can, ya wadatar.

Inda aka ajiye kayan ma magana ce. Sabbin yara sukan so jera batura kusa da ƙofar baya don sauƙin saukewa. Duk nauyin da ya wuce bayan aksul yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilu su riƙa haska sama suna kashe wa masu tahowa ido, birki kuma ya rage kamu a gaba. Doka ce a wurinmu: abu mai nauyi ya jingina da gidan direba, mai sauƙi ya biyo baya, a ɗaure kowanne da igiya. Sannan iskar taya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda mai nuna iskar da ta dace, kuma a motoci da yawa adadin mai lodi daban yake da na marar lodi. Na daɗe ina yawo da iskar cikakken lodi a mota wayam, ina ƙorafin tauri, ashe rabin taurin ni na ƙara shi.

A cikin gari babu gardama, jif ce a gaba. Ɗauki Hilux da Fortuner samfurin 2015 misali: tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu milimita 3,085 ce, a Fortuner kuwa 2,745. Bambancin santimita 34 ke nan, kuma a tsawon jiki gaba ɗaya Hilux ta fi da sama da rabin mita. A takarda kamar ba wani abu ba ne. Amma ranar da za ka juya a lungun da aka ajiye motoci hagu da dama, za ka ga jif ta juya da ribas ɗaya, a-kori-kura kuwa sai ka yi biyu ko uku, ana jiranka ana danna ham. Wajen ribas ma haka. A jif ƙarshen motar shi ne gilashin baya, kana ganinsa. A a-kori-kura akwai bodi mai tsawon kusan mita 1.5 bayan gilashin, ƙofarsa kuma tana rufe maka duk abin da bai kai ƙugu ba. Ƙaramin yaro, ko babur da aka jingine, ko bakin kwalbati, ba za ka gan su a madubi ba. Shi ya sa na sa mata kyamarar baya, kuma ko da kyamarar, in muna cikin gidan mutane sai wani ya sauka ya tsaya yana yi wa direba jagora.

Wannan tsawon da ke wahalar da kai a lungu shi ke taimakonka a babbar hanya. Mota mai doguwar tazara ba ta saurin karkacewa, in babbar mota ta wuce ka da iskarta ba ka yawan gyara sitiyari. Haka in muna jan 'yar tirelarmu mai ɗauke da bututu da tankin ruwa, na fi natsuwa a a-kori-kura, domin tirelar ba ta iya kaɗa bayanta kamar yadda take ɗan kaɗa na jif. Jif kuma ta fi shiru, ƙarar taya da ta iska ba sa shigowa sosai, in kun yi tafiyar awa huɗu za ku sauka da sauran ƙarfi a jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da za su sauka su hau rufin kwano su yi aiki har yamma. Kujerar bayan a-kori-kura a miƙe take, ba ta kwanciya, na baya sukan iso a gajiye.

Yawancin aikin famfo a gonaki ne da wuraren da kwalta ba ta kai ba. A nan kowacce da inda take burge ni. Jif gajera ce, in za a haye tudu mai kaifi cikinta ba ya saurin taɓa ƙasa, in za a fito daga kwari bayanta ba ya jan ƙasa. A-kori-kura ta sha goga ƙarfen jan tirelarta a bakin rafi saboda doguwar jelar da ta bari bayan taya. A taɓo ko yashi kuwa, in tana wayam tayoyin baya sukan yi ta juyawa a wuri ɗaya tun kafin jif ta fara jin wani abu, amma da lodi takan kama ƙasa ta fita. Dukansu nawa irin waɗanda ake sa wa giyar jan taya huɗu ne idan buƙata ta taso, a cire idan an gama. Kullum ina jan kunnen direbobi kada su bar wannan giya a ciki bayan sun hau busasshiyar kwalta. A irin wannan tsari ƙafar gaba da ta baya a ɗaure suke da juna, a kwana kuma ba tafiya ɗaya suke yi ba, sai ƙarafan su fara murɗa juna, sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa ƙugi. Akwai motocin da aka yi musu tsarin da ya yarda da hakan, kamar Super Select na Mitsubishi, don haka kowa ya duba littafin motarsa.

Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai, wanda masu tasowa daga ƙaramar mota ke mantawa, shi ne tsayi. Dukansu dogaye ne daga ƙasa, nauyinsu a sama yake, ba sa son a fizge sitiyari da gudu. In ka ƙara tsani da farantan sola a kan rufi, abin ya ƙaru. Farantin da muke sakawa yanzu yakan kai mita 2 a tsawo, bodin kuwa bai kai haka ba, don haka muka yi wa a-kori-kurar ƙarfen ɗora kaya a sama. Ranar da aka jera faranti takwas a kansa, ina shiga kwana kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa.

Na taɓa gwada mai da jif ɗin motar kaya, na naɗe kujerun baya na zuba batura da injin huda bango a ciki. Sau ɗaya na yi ban sake ba. Wani mai babur ya gifta, na taka birki da ƙarfi, sai akwatin kayan aiki ya taho da gudu ya daki bayan kujerata. A a-kori-kura akwai bangon ƙarfe tsakaninka da kayan. A jif ɗaki ɗaya kuke da su, har da warin batir da na man inji. Ita kuma a-kori-kurar nata aibin shi ne komai a fili yake, ruwan sama da ƙura da idon mai wucewa duk suna kansa, sai ka yi ta fama da tamfol, kuma ba ka iya barin ta a bakin hanya ka shiga wani wuri hankali kwance.

Yadda muke yi yanzu, kowace yamma nakan duba aikin gobe kafin in raba makullai. In zuwa duba wuri ne, ko auna rufi, ko gyaran da jaka ɗaya ta ishe shi, ko ganawa da mai aiki a tsakiyar gari, jif ce ke fita. In ranar kafa sabon aiki ce, a-kori-kura ta ɗauki batura da faranti da mutum biyu ta yi gaba tun da sassafe, sauran su biyo ta a jif. Wanda ya zo mini da tambayar nan kuma yana da ikon sayen mota ɗaya tak, nakan ce ya ƙirga ranakun da zai fita da kaya masu nauyi a wata. In sun fi rabi, ya ɗauki a-kori-kura ya haƙura da tsallenta a sauran ranakun. In ba su kai ba, ya ɗauki jif ya nemi 'yar tirela. Kuma kafin ya biya, ya roƙi mai motar ya bar shi ya gwada ta sau biyu a hanya ɗaya, sau ɗaya wayam, sau ɗaya da irin kayan da zai riƙa ɗauka.