Zama na huɗu: sai yanzu asirin gidan ya fito fili

Alhamdu lillahi, jama'a, firifom ɗinmu na rabon gado ya kankama. Firifom wasa ne da kowa ke taka rawar wani mutum a cikin labari, ba tare da rubutattun kalamai ba. Sau uku ana zama a zauren nan na Tudun Wada, mutum goma sha biyu, daga bayan la'asar har kiran magariba, a watse ba wanda ya furta abin da ke cikin takardarsa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don labarin ba shi da laifi: maigida ya rasu, akwai uwargida da amarya, babban ɗa, dillali, mai unguwa, da takardar gida da aka jinginar a ɓoye.

Tsarin da muka fara da shi na Birtaniya ne. Kowa da takardar halinsa, sirri biyu, buri uku, da katunan kaya a aljihu, mai gudanarwa yana kewayawa yana raba gardama. A Ostireliya ma haka kalmar firifom take nufi tun shekarun 1980, a zuba mutane da yawa a ɗaki guda kowa ya bi burinsa. Wannan salo gaba ɗayansa ya dogara ne kan abu ɗaya: wanda ya ji ƙishin-ƙishin zai tunkari mai sirrin ido da ido ya tsare shi.

To nan gizo ke saƙar. Ka ba ɗan shekara 19 rawar babban ɗa, ka ce ya tuhumi mai unguwa da cin amana, alhali wanda ke taka mai unguwar shi ne wanda yake ce wa Kawu a waje. Sai ya je ya durƙusa, a yi gaisuwa ta minti biyar, Kawu ya ce ai ba wata takarda, yaro ya sunkuyar da kai ya ce "haka ne, Kawu," ya koma ya zauna. A takardarsa kuwa an rubuta ƙarara cewa da idonsa ya ga an sa hannu. Kunya ta cinye wasan tun ba a fara ba.

Da farko na zargi tsawon takardun. Shafi huɗu-huɗu ne, shafi 48 ke nan, a naira ɗari kowane shafi, ₦4,800 ta tafi wajen mai fotokofi, kuma sai da aka sake bugawa bayan na matse su zuwa shafi ɗaya. Matsewar ta taimaka wa karatu, mutane sun daina leƙa takarda a tsakiyar magana, amma tuhuma ba ta fito ba. Sai muka aro dutse-takarda-almakashi, wasan hannu na fid da wanda ya ci, yadda ake yi a wasan taka rawa na Mind's Eye Theatre da ya fito a Amurka a 1993. Wannan yana raba wanda ya yi nasara ne idan an riga an kaure. Mu kuwa ba wanda ke fara rigimar. Sau ɗaya da aka gwada, ƙaramin ya ci, sai ya ce "na bar miki, Anti." Da mai gudanarwa ya shiga tura mutane kuma, abin ya koma diramar makaranta, kowa na jiran a gaya masa inda zai tsaya.

Abin da ya buɗe ƙofa daga Siwidin ya zo, salon jipfom na ƙungiyar Vi åker jeep. Su ba su ɓoye sirri ga 'yan wasa. Kafin a fara, kowa ya miƙe ya karanta takardarsa a bayyane. An yi mini ca, wai ina daɗin wasan in an san ƙarshe. Amma tun da kowa ya ji daga bakin Kawu cewa mai unguwa ne ya jinginar da gidan, yaron ba tona asirin babba yake yi ba, taya shi wasa yake. Shi ma Kawun sai ya riƙa buɗa masa hanya da gangan, yana in-ina, yana share zufar ƙarya. Hankali ya tashi daga "wa ya yi" ya koma kan yaushe za a faɗa, kuma a gaban wa.

Mun ɗauko dabarar zancen zuci daga can. Kowa marfin kwalba biyu. Ka ajiye ɗaya a tsakiyar tabarma, ka tafa sau biyu, kowa ya tsaya cak, ka faɗi abin da ke ran mutuminka na minti ɗaya, sauran su ci gaba kamar ba su ji ba. Kada ku ba da uku, mun gwada a rabin farko, wasan ya zama huɗuba.

Gyara na biyu namu ne na gida, kuma da shi na fi alfahari. Na sake ɗaura dangantakar ta yadda duk mutum biyun da dole su yi karo akwai wasa a tsakaninsu. Babban ɗa da dillali taubasai ne. Autar gida jika ce ga tsohuwar da ke riƙe da makullin akwati. Mai unguwa Bazazzagi, ɗan kasuwar da ya karɓi jinginar Bakano. Barkwanci ya riga ya halatta wa ƙarami ya yi wa babba tsiya, don haka tuhumar takan fara da zolaya, ta yi nauyi a hankali. Minti goma sha biyar na farko mun ba su ne ga wannan zolayar kawai, biyu-biyu, irin share fagen da mutanen Norwe da Denmak ke yi kafin wasa. Daga wurinsu kuma muka ɗauki kalmomin tsayarwa biyu, muka mai da su "sassauta" da "a dakata". An yi amfani da ta farko sau ɗaya, lokacin da maganar kishiyoyi ta fara taɓa wata da gaske.

Masu zuwa daga rukunonin WhatsApp, inda firifom ke nufin rubutu ba doka ba alƙali, su ma sai an ja musu kunne. Sun saba cewa "na fizge takardar, ka faɗi ƙasa." Ƙa'idar ita ce ka faɗi abin da ka yi yunƙurin yi, mai jikin ya faɗi abin da ya same shi.

Saura matsala biyu. Barkwancin yakan wuce gona da iri: ana tsakiyar kukan amarya Bakanon ya jefo wata, zaure ya fashe da dariya, fagen ya mutu. Ina tunanin a hana zolaya da zarar malamin rabon gado ya buɗe littafinsa, wato minti arba'in na ƙarshe. Sannan mutum goma sha biyu sun yi wa salon jipfom yawa, don an gina shi ne domin 'yan mutane kaɗan da ke kallon fage ɗaya tare. Marafai 24 sun cinye kusan rabin awa, aka kira magariba ba a raba gonar Kawo ba. Asabar mai zuwa za mu kasu shida-shida, rukuni ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida, kuma har yanzu ban samu wanda zai gudanar da na biyun ba.